Goggo da Faifan Gyaɗarta

Ban taɓa zuwa zaman makokin da aka yi dariya a cikinsa kamar na Goggo ba. Da hantsi Allah Ya karɓi ranta, a cikin zafin bazarar da ta wuce, a gidanta na Toranke, kafin azahar an kai ta makwancinta. Mun yi kuka, ni kam har muryata ta dishe. Amma da gari ya waye mata suka fara cika tsakar gida, sai ka ga mace ta shigo tana share hawaye da gefen mayafi, ta durƙusa ta tambaye mu ya haƙuri, ta yi addu'a ta shafa. Idonta na sauka kan wani tsohon faifai da ke jingine a bakin ɗakin marigayiya sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki tana neman gafarar Allah.

Wata tsohuwar maƙwabciya ce ta ɓaro zancen. Ta ɗaga babban yatsanta ta ce mu duba da kyau, wannan kantar ba fartanya ce ta yi mata ba, gyaɗar Goggo ce, kuma ta same ta ne a shekarar da suka yi ta sa-in-sa da surukarta a kan akuya. Kan ka ce me kowa ta shiga ba da nata labarin. Wata da ta shigo motar kasuwa daga Ajingi ta rantse sai da ta kusa tashi da rabin buhu kafin ta yafe wa ƙanwarta. Matar liman, wadda duk muke ganin ba ta san fushi ba, ta sunkuyar da kai ta ce ita ma ta ɓare. Aka yi ta dariya ana hawaye, ana Allah Ya jiƙan Goggo.

A ƙofar gida kuwa, inda maza ke zaune, babu wanda ya yi ko murmushi. Goggo yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu. Baba ke bi mata, sai Baffa, autansu, wanda a hannunta ya girma bayan rasuwar mahaifiyarsu. To waɗannan ƙannen nata biyu, da furfurarsu da komai, sun kusa shekara ko sallama ba ta haɗa su. Baba ya sa an shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, Baffa ya zauna can jikin katangar masallaci, duk mai gaisuwa sai ya yi ta'aziyya sau biyu, ya tsallaka hanya a tsakani. Baba a Gaya yake zaune da makarantarsa ta Islamiyya, Baffa yana Ajingi yana noma da kiwo, gidan Goggo kaɗai ke haɗa su. Kowa ya san idan aka yi addu'ar uku suka watse a haka, babu sauran inda za su sake haɗuwa, sai dai a jana'izar ɗayansu. Wannan tunanin ya fi rasuwar kanta hana ni sukuni.

Zan dawo kansu. Bari in fara faɗin yadda aka yi faifai ya sa masu makoki dariya.

Mu a danginmu zuciya a kusa take. Ba mu iya haɗiye magana ba, kuma idan muka hau ba mu san hanyar sauka ba. Goggo kaɗai Allah Ya ware, wataƙila don a samu inda za a riƙa kai ƙara. Duk wanda ransa ya ɓaci, namiji ko mace, ɗan dangi ko ɗan unguwa, gidanta yake nufa yana huci. Sai dai ba ta taɓa barin mutum ya fara magana. Kana buɗe baki za ta ɗaga hannu, ta shiga ɗaki ta ciko faifan nan da gyaɗa mai ɓawo, ta dire maka shi tare da ƙwarya, ta ce, "Zauna tukuna, ɓare min wannan. Iri ne, kar ka fasa min."

Duk manomin gyaɗa ya san irin shuka da hannu ake ɓare shi, domin ƙwayar da ta rabe biyu ko ta saɓule jar rigarta ba ta tsirowa. Abin da Goggo ta gano shi ne, mai fushi ba ya iya ɓare iri. Da ƙarfi yake matse ɓawon, sai ƙwayar ta fashe. Ita kuma sai ta ci gaba da hidimarta, tana shara, tana ba tumaki dusa, kamar ta manta da kai. Can za ta zo ta tsoma hannu a ƙwaryar, ta ɗebo ta duba a tafinta, ta ce har yanzu ana fasa mata iri, a ci gaba. Sai ta ga ƙwayoyin sun fara fitowa lafiyayyu sannan za ta jawo kujerarta ta tsugunno, ta zauna daf da kai, ta ce, "To, yanzu faɗa min."

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar 'yan mata a Gaya. Akwai wata kalma da muke cin karo da ita a darasi duk shekara, mai nufin sanyaya ran wanda ya fusata ko rage wa mai ciwo raɗaɗi. Nakan ce da yara lallashi ne, rarrashi ne, kwantar da hankali ne, su yi ta gyaɗa kai. Daga ƙarshe sai in ajiye alli in ba su labarin Goggo, a nan ne suke ganewa. Abin mamakin kuwa, ban taɓa jin ta ce da kowa ya yi haƙuri ba, ba ta dafa kafaɗa, ba ta wa'azi. Aiki kawai take ba mutum.

Ni ma na ɓare, kuma ba kaɗan ba. Wadda ba na mantawa ita ce ta farkon aurena. Na dawo daga makaranta na tarar maigidana ya yi baƙi, ya sa an yanke zakarana ba tare da ya tambaye ni ba, zakaran da na rena tun yana ɗan tsako. Washegari da sassafe na tari ɗan acaba har Toranke, a hanya ina ta shirya jawabi, tun daga rainin da aka yi min har zuwa wanda nake ganin za a yi min nan gaba. Na shiga na ce Goggo yau kam an kai ni bango. Ta dire min faifai. Na ɓare ina ƙwafa, ƙwaya na tsalle har cikin akurkin kaji. Aka ƙaro wani faifan. Wajen azahar yatsana ya yi tsami, yunwa ta kama ni, jawabin nan duk ya zube ya bar ni da zakara guda ɗaya. Da ta zauna na faɗa mata, sai na ji ni kaina maganar ta yi min ƙanƙanta a baki. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko zakaran ya yi daɗi. Na ce ya yi, domin gaskiya ni na ci cinya ɗaya.

Fasassun da mutum ya yi ba ta zubarwa. Sai ta tsince su ta soya a kasko da yashi, ta ƙulla maka a leda, ta ce ka kai wa wanda ya ɓata maka rai. Ba ta cewa kai ne da gaskiya ko shi ne, wannan ba aikinta ba ne. Kai dai za ka koma gida da tsaraba a hannu, kuma yana da wuya ka miƙa wa mutum gyaɗa mai ɗumi kana zaginsa. Har yau maigidana yana cewa duk ranar da na dawo da soyayyar gyaɗa ya san an kai ƙararsa Toranke, kuma girman ƙullin ke gaya masa girman laifinsa.

Baffa, lokacin da ana shiri, shi ne ya fi kowa tsokanarta. Yakan ce Yaya ta fi kowa wayo a ƙasar Ajingi, ba ta taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago ba, jira take mutane su yi faɗa. Ita kuma ba ta musu. Takan ce ai shekarar da aka zauna lafiya a dangi ita ce shekarar da yatsunta suka fi shan wahala, ta rasa mai taya ta, har ta so ta aika a tsokano Baba.

Sau ɗaya na ga fushinta, kuma babban ɗanta ne ya jawo, da kyakkyawar niyya. Ya ga tsohuwa ta fara gajiya, buhunan gyaɗa na jibge a ɗaki, sai ya bari ta tafi barkar haihuwa ya kwashe su duka ya kai Ajingi ranar kasuwa, aka zuba a inji aka ɓare tas. Ya dawo yana murna, yana jiran a sa masa albarka. Goggo ta shigo ta tsoma hannu a buhu, ta ga rabin ƙwayar a fashe, ta leƙa ɗaki ta ga ko ɓawo ɗaya bai rage ba. Ranar unguwa ta ji muryar da ba ta taɓa ji ba. Ta ce ya kashe mata iri, ya kuma bar ta hannu wofi, yanzu idan wani ya shigo da wuta a cikinsa me za ta ba shi, ruwan randa? Sai matar ɗan, surukar Goggo, ta zame a hankali ta shiga maƙwabta, ta aro gyaɗa cike da faifan nan, ta zo ta durƙusa ta dire a gabanta, ta ce, "Inna, zauna tukuna, ɓare min wannan." Goggo ta kalli faifai, ta kalli yarinyar, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Kuma ta zauna ta ɓare, fasassun ta soya wa ɗanta.

Akwai waɗanda ba ta duba wa ƙwarya. Wata matashiya a bayan gidanta ta rasa ɗanta na fari, ta daina ci, ta daina magana, mutane suka yi ta ba ta baki abin ya ƙi. Goggo ta ɗauki faifanta ta shiga gidan, ta zauna a tabarma ɗaya da ita ta fara ɓarewa, ba ta ce uffan ba. Haka ta yi ta zuwa kullum da hantsi. Ba a jima ba hannun yarinyar ya shiga faifan da kansa. Mai fushi shi kaɗai take bari da aikinsa, mai baƙin ciki kuwa tare suke yi, kuma ko ya fasa duka ba ta cewa komai. Matar nan tana cikin masu makoki, yanzu da 'ya'yanta a gefe. Ita ba ta yi dariya ba, ta dai roƙi a bar ta ta taɓa faifan.

To, rigimar Baba da Baffa a kan bishiya ce. Akwai wata tsohuwar ɗorawa a kan iyakar gonakinsu na gado a Toranke, a gindinta mahaifinsu yake hutawa lokacin yana raye, a nan kuma ya fara ɗora Baba a karatu. Wata rana Baba ya zo duba gona ya tarar da kututture, Baffa ya sa an sare ta. Bai tambayi dalili ba, a gaban jama'a ya faɗa wa ƙanensa maganganun da ba a faɗa wa mai jikoki. Baffa ya mayar da wadda ta fi su zafi. Daga ranar aka rufe ƙofa.

Goggo ta yi iya yinta. Matsalar ita ce su biyun sun fi kowa sanin dabarar, a kansu ta koye ta tun suna yara. Baba yakan zo gaishe ta, yana ganin ta nufi ɗaki sai ya miƙe ya ce Yaya kar ki wahalar da kanki, shi ba fushi yake ba, gaskiya ce kawai yake tsaye a kanta. Baffa kuwa sai ya aiko a leƙa masa ko babur ɗin da ya kawo Malam yana ƙofar gida, domin da sunan nan yake kiran Baba, in yana nan ya juya. Da ciwo ya kwantar da ita, kowa da ranar zuwansa. Ina ganin yadda take bin su da kallo idan za su fita, raina ya yi ta ɓaci, har na ce mata zan je in faɗa wa Baba gaskiya ko zai tsine min. Ta ce in zauna, da wannan zuciyar tawa zan ƙara wa wutar kara ne kawai.

Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, ta kira ni da ɗanta da surukarta. Ta nuna wani buhu a bayan ƙofa, irin gyaɗarta ne na bana da ta hana kowa taɓawa. Ta ce wasiyya take bari, mu zama shaida. Wannan buhu na ƙannenta ne su biyu, amma da sharaɗi: su ɓare shi da hannunsu, a tsakar gidanta, faifai ɗaya, ƙwarya ɗaya, sannan su raba. Muryarta ta yi ƙasa sosai, amma idon nan nata na tsokana yana nan. Ta ce, "Ina raye sun ƙi. Bari mu ga ko za su ƙi wa gawa."

Ranar uku da safe aka yi addu'a, aka raba gumba, mutane suka fara sallama. Na hango Baffa ya fara naɗe tabarmarsa. Sai ɗan Goggo ya je ya durƙusa wa kowannensu ya ce ana son ganinsu a ciki. Suka shigo, ɗaya na gaba ɗaya na baya da tazara, mata suka ja gefe. Ya faɗa musu wasiyyar kamar yadda ta faɗa, bai rage ko maganar gawar ba. Na ga Baba yana lissafi irin na malamai, yana neman ƙofar fita. Babu ita. Marigayiya ta bar ɗa namiji, ƙanne ba su da gado, don haka wasiyya gare su ta halatta, kuma ya fi kowa sanin nauyin ƙin cika ta. Goggo ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta san da wa take yi.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, suruka ta ciko faifai ta dire a tsakiya, ta ajiye ƙwarya. Dattawan nan suka zauna, kowa ya karkatar da kafaɗa yana kallon wata katangar daban. Suka fara. Wallahi har inda nake zaune ina jin ƙarar ɓawo, ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Ƙwaya na ta tsalle, kaji suka samu biki. Hannayensu kan haɗu a cikin faifan, kowa ya janye kamar ya taɓa garwashi. Mu mata muka shige ɗaki muna leƙe ta labule, masu dariya na yi a cikin mayafi, ni kuwa addu'a nake, domin na san halin ubana, yana iya kifar da faifan ya tafi.

Faifai ya ƙare aka ƙaro, ya sake ƙarewa aka ƙaro. Rana ta take, gumi ya jiƙe musu riguna. A hankali ƙarar ta ragu. A nan ne wani abu ya faɗo min a rai: wadda za ta zo ta duba ƙwarya ta ce yanzu a faɗa mata ba ta nan. Kujerarta na nan a bakin murhu, babu kowa a kai. Za su iya ɓare buhun nan kaf su raba su tashi ba tare da sun ce wa juna komai ba.

Sai na ga Baffa ya tsoma hannu a ƙwaryar, ta ɓangaren Baba, ya ɗebo ya baza a tafinsa, ya ɗan nisanta shi da ido yadda take yi. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malam, har yanzu kana fasa mata iri."

Baba ya buɗe baki zai yi faɗa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sai dariya ta riga faɗan fitowa. Ya yi ta yi har rawaninsa ya karkace, daga nan dariyar ta juye ta zama kuka, irin wanda bai yi ba ko a maƙabarta. Baffa ma ya sa hannun riga a fuska. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Da ya natsu ya share ido, ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya ɓare a hankali, ƙwaya biyu suka fito lafiyayyu, ya jefa a ƙwarya. Ya juyo ya fuskanci ƙanensa sosai, ya ce, "To, yanzu faɗa min."

Baffa ya faɗa. Ashe cikin ɗorawar ya ruɓe, wani reshe ya taɓa ɓallowa ya kusa danne jikansa da shanun huɗa, kuma da an tambaye shi tun farko da ya faɗa. Baba ya ce ko da hakan ne, da ya aiko masa ya zo ya yi sallama da inuwar mahaifinsu. Ba su daidaita a kan wa ke da gaskiya ba. Har yau Baba na cewa da an rage rassa ya isa, Baffa na cewa sai dai sara. Amma yanzu a tabarma ɗaya suke wannan musun, kuma ranar a adaidaita sahu ɗaya suka bar Toranke, buhu a tsakaninsu, suna ta gardama a kan wanda ya fi ɓarna.

Suruka ta tsince fasassun ta soya, ta rasa wa za ta ƙulla wa ya kai wa wa, sai ta zuba musu a kwano ɗaya suka ci tare. Lafiyayyun kuma da ruwa ya sauka suka shuka a gonakin nan biyu, har gindin kututturen. Na roƙi a ba ni faifan in tafi da shi Gaya, suruka ta ce a'a, ko jiya wata ta shigo tana huci, kuma ta dire mata.

Kafin a juye ƙwaryar ƙarshe a buhu na tsoma hannuna a ciki, yadda na sha ganin Goggo tana yi. Na ɗebo, na baza a tafina, na duba da kyau. Ko ɗaya babu fasasshe.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya mana zukata, Ya sa iyayenmu biyu su daɗe suna musu a tabarma ɗaya. Amin.